Fisiyo ko OT: wanne ya kamata majinyacinku ya fara da shi?

Idan aka sallami mutum daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, ko karaya, ko ƙunar wuta, yawanci abin da ake faɗa wa iyalinsa shi ne su riƙa kawo shi gashi, wato sashen fisiyo. Wani likitan kuma yakan ƙara da cewa a nemi masu OT (occupational therapy), wato masu koya wa majinyaci komawa hidimominsa na yau da kullum. Nan ne kan mutane ke ɗaurewa. Sassan biyu duk suna ƙarƙashin aikin farfaɗo da majinyaci, wani lokaci ma ƙofarsu na kallon juna, ga shi aljihu ba zai ɗauki biyun a lokaci guda ba. Tambayar da ake yi ita ce: ba abu ɗaya ba ne? In kuwa ba ɗaya ba ne, wanne ya fi?

Ba ɗaya ba ne. Likitan fisiyo jikin yake dubawa: ƙarfin tsoka, lanƙwasuwar gaɓa, tsayuwa ba tangaɗi, tafiya, ciwo, numfashi. Mai OT kuwa abin da mutum zai yi da jikin yake dubawa: wanka, shiga banɗaki, sa tufafi, cin abinci, alwala, girki, rubutu, komawa kasuwa ko makaranta. Na farko zai tambaya, "Kafaɗar nan har ina take ɗaguwa?" Na biyu zai tambaya, "Baba, wa ke sa maka riga da safe?" Daga waɗannan tambayoyi biyu duk sauran bambancin ya taso.

Abubuwan da za a auna

Kafin ku yanke shawara, ku ɗora kowanne a kan ma'aunai shida. Me ya fi damun majinyacin a yau, ciwo da rashin motsi ne ko dogaro da mutane? Yaya zaman jinyar yake gudana, kuma zai iya jurewa? Nawa za a kashe, har da kuɗin mota da na kayan aiki? Ana samun ƙwararren kusa da ku? Abin da aka samu zai ɗore bayan an daina zuwa? Wane haɗari ke ciki?

Na farkon shi ne uwa uba, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Ku zauna da majinyacin ku tambaye shi abu uku da ya fi so ya koma yi da kansa. Sau da yawa amsarsa ba ta zama irin ta masu jinyarsa. 'Ya'ya suna so su ga mahaifinsu ya taka zuwa ƙofar gida, shi kuwa abin da ke hana shi barci shi ne ɗansa ne ke yi masa tsarki.

Fisiyo

Wannan shi ne wanda aka fi sani. Aikinsa ya haɗa da ciwon baya da na wuya, amosanin gwiwa, targaɗe, gaɓar da ta ƙage bayan an cire filasta, koyon tafiya bayan tiyatar ƙugu ko yanke ƙafa, shanyewar ɓarin jiki, raunin laka, da ƙafar da ta saki bayan allurar da aka yi wa yaro ba daidai ba a ɗuwawu ko bayan doguwar naƙuda. Har a ɗakin masu tsananin rashin lafiya suna aiki, suna taimaka wa mutum fitar da majina daga ƙirji.

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda. Za a auna ƙarfi da motsi, a miƙar da gaɓoɓi, a sa mutum ya yi ta maimaita tashi daga zaune, tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu, taka matakala. Akwai kuma na'urori: fitilar zafi, na'urar da ke tura ɗan lantarki cikin fata don rage ciwo ko motsa tsoka, keken motsa jiki.

A nan ina da magana. Mutanenmu sun fi yarda da na'ura fiye da motsa jiki. Idan aka kunna fitila aka gasa baya, sai a ce yau an yi aiki. Idan aka sa mutum ya tashi ya zauna sau ashirin, sai a ce an cuce shi. Alhali a shanyewar ɓarin jiki maimaita motsin ne maganin, domin ƙwaƙwalwa da maimaici take koyon sabuwar hanya. Zafi yana sassauta ciwo na ɗan lokaci, amma ba ya koya wa ƙafa tafiya. Duk wurin da aka kai majinyacinku makonni ana gasa shi kawai, ba a taɓa sa shi ya yi gumi da kansa ba, ku tambayi dalili.

Kuɗi: ana biya ne zama-zama, kuma asibitin gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai kuɗin zaman ba shi ne ke karya mutane ba, yawan zuwan ne. Idan aka ce sau 3 a mako har wata 3, kusan zuwa 36 ke nan, kowanne da shatar adaidaita sahu zuwa da dawowa, da mutum ɗaya ko biyu da za su bar sana'arsu su yi rakiya. Kiran likitan gida ya fi tsada a kowane zama, amma ga wanda sai an ciccibe shi, lissafin kan zo kusa da juna. Wanda ke da inshorar lafiya ya tambayi zama nawa take ɗauka tun kafin a fara.

Samuwa: nan fisiyo ya yi wa OT fintinƙau. Aikin ya shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri suka bi sahu. Shi ya sa za ku same shi a asibitin ƙashi na Dala, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi da dama. A Nijar kuwa kine ake ce wa mai wannan aiki, kuma shi ma ya fi takwaransa mai OT, wanda can ake kira ergo, sauƙin samu.

Ɗorewa: ya danganta da cutar. Gwiwar da ta ƙage bayan karaya, in ta saki kuma ana amfani da ita, shi ke nan. Ciwon baya da amosanin gaɓɓai kuwa suna dawowa da zarar an watsar da atisayen gida. Ƙarfin tsoka ba a ajiye shi. Wanda ya koma kwanciya zai rasa abin da ya tara cikin 'yan makonni.

Haɗari: a hannun ƙwararre kaɗan ne, amma akwai shi. Fatar da ba ta jin zafi, kamar ta mai ciwon suga ko ɓarin da ya shanye, tana ƙonewa mutum bai sani ba. Jan hannun da ya shanye don a tayar da mutum yana goce kafaɗa, ya bar ciwon da zai hana duk wani atisaye. Ƙafar da ta kumbura ta yi zafi bayan doguwar kwanciya ba a murza ta, domin yana iya zama gudan jini ne, in ya ɓalle ya tafi huhu. Mai hawan jini kuma sai an auna shi kafin a fara. Babban haɗarin dai shi ne faɗawa hannun wanda ya sayi fitila da man zafi ya kira kansa likita. A Najeriya akwai hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, ita ke yi wa masu fisiyo da masu OT rajista. Ba rashin kunya ba ne ku nemi ganin lasisin wanda zai riƙa shigowa gidanku.

OT

Wannan shi ne wanda ya fi buƙatar bayani, don ko cikin ma'aikatan asibiti akwai masu ɗaukarsa ƙanin fisiyo. Asalinsa daban ne. Ya taso ne daga asibitocin masu taɓin hankali, inda aka lura cewa majinyacin da aka ba aikin hannu, saƙa ko kafinta ko lambu, ya fi wanda aka bari zaune saurin dawowa hayyacinsa. An kafa ƙungiyarsu ta farko a Amurka a 1917, kuma jinyar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da raunuka ta ƙara masa ƙarfi. Wannan asali ne ya sa har yau mai OT ba gaɓa kaɗai yake kallo ba, yana kallon tunani, da mantuwa, da halin zuciya, da gidan da mutum zai koma.

Ga yadda aikin yake. A ɗauki magidancin da ɓarinsa na dama ya shanye. Mai OT zai koya masa ya fara zura hannun da ya shanye a riga, in zai cire kuma ya bar shi ƙarshe. Zai ce a sauya tazugen wando da roba, a bar kaftani mai ƙananan maɓallai zuwa wani lokaci. Zai naɗe ƙotar cokali da soso ko tsumma ta yi kauri yadda yatsu marasa ƙarfi za su riƙe. Zai duba yadda zai zuba ruwan buta da hannu ɗaya, da inda zai zauna ya yi alwala ba tare da ya sunkuya ya kifa ba. Sannan zai nemi ganin banɗakin gidan, ko a ɗauko masa hotonsa. Masai na tsugunno shi ne babban abokin gabar mai shanyewar ɓarin jiki da mai sabon ƙugu, kuma maganinsa kujera ce mai rami da ƙarfen dafawa a bango, abin da kafinta da mai walda na unguwa za su haɗa. Dokin ƙofa mai tudu, katifar da ke shimfiɗe a ƙasa, santsin tayil, duk cikin lissafinsa suke.

Ga uwar gida kuma: ɗaura zani da ɗankwali da hannu ɗaya, yanka albasa a kan katakon da aka kafa wa ƙusa don ta riƙe ta, ɗaga murhu ko risho kan tebur don a yi girki a zaune. Ga tela, yadda zai koma kan keke. Ga mai shago, ko zai iya ƙirga canji ba tare da an cuce shi ba.

Wannan na ƙarshen ya kai mu inda OT ba shi da madadi. Wasu masu shanyewar ɓarin jiki, musamman na hagu, ƙwaƙwalwarsu kan manta da duk abin da ke wannan ɓangaren. Mutum ya cinye rabin kwano ya ce abinci ya ƙare, ya aske rabin gemu, ya yi ta karo da ƙofa. Wani kuma ƙarfinsa lafiya lau, amma ya rasa da wanne ake farawa, sabulu ko ruwa. Iyali sukan ce taurin kai ne ko rikicin tsufa. Rauni ne a ƙwaƙwalwa, kuma akwai hanyoyin horar da shi. Haka yaro mai galahanga, ko wanda ya kasa riƙe fensir, ko mai taɓin hankali da magani ya kwantar amma ya kasa komawa sana'a, duk aikin OT ne. Su ne kuma aka fi sani da haɗa abin tallafe hannu na roba, wanda ake tsomawa a ruwan zafi a lanƙwasa daidai hannun mutum, don kada yatsu su dunƙule bayan ƙuna ko yankewar jijiya.

Kuɗi: kuɗin zama bai cika yin nisa da na fisiyo a asibiti ɗaya ba. Bambancin yana wurin da kuɗin ke tafiya. A OT akan kashe da yawa a farko, wajen kujerar banɗaki, ƙarfen dafawa da abin tallafe hannu, amma ga babba mai hankalinsa sau da yawa zama kaɗan sun isa a koya masa dabarun, sauran a gida ne. Yara da masu raunin ƙwaƙwalwa kuwa tafiyar doguwa ce.

Samuwa: nan gizo ke saƙar. Wuraren koyar da shi a Najeriya kaɗan ne, fitattu su ne Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da makarantar tarayya ta OT da ke Oshodi a Legas, duk a kudu maso yamma. Saboda haka a Arewa sai an tona. Ku fara tambaya a asibitocin koyarwa, da na ƙashi, da na ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna. Mai yiwuwa ku tarar da mutum ɗaya ko biyu suna riƙe da sashe sukutum.

Ɗorewa: a ganina nan ya fi ƙarfi. Dabarar sa riga da aka koya ba ta gushewa, domin kullum sai an sa riga. Ƙarfen da aka kafa a banɗaki yana nan shekara da shekaru. Abin da ke rusa aikin shi ne tausayi. Mutum ya koyi cin abinci da kansa, ya dawo gida matarsa ta karɓe cokalin ta ce, "Malam, kawo in ba ka, kada ka wahala." Niyyar mai kyau ce, amma duk aikin da aka karɓe masa, hannun ya ƙara mantawa da shi.

Haɗari: bai kai na fisiyo taɓa jiki ba, amma abin tallafe hannun da ya matse yana fidda gyambo, kuma koyon girki ko wanka ba tare da mai tsaro ba yana kawo ƙuna ko faɗuwa. Akwai wani haɗarin da ba a cika gani ba: idan aka yi saurin koya wa mutum yin komai da hannu mai lafiya, sai ya yi watsi da ɗayan alhali da sauran rai a cikinsa. Ƙwararre ya san lokacin da za a matsa wa hannun da ya raunana da lokacin da za a nemi dabara. Sannan wasu dattawa suna ganin raini ne a ba su wake su tsince ko maɓalli su ɓalle. In ba a bayyana musu dalilin ba, ba sa komawa.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Fisiyo | OT |
|---|---|---|
| Abin da yake nema | Ƙarfi, motsi, tafiya, rage ciwo | Mutum ya yi hidimar kansa da sana'arsa |
| Kayan aiki | Atisaye, hannu, na'urori | Ayyukan gida, dabaru, gyaran muhalli |
| Tunani da mantuwa | Ba shi ne kan gaba ba | Yana cikin ainihin aikin |
| Inda kuɗi ke tafiya | Yawan zuwa da kuɗin mota | Kayan taimako da gyaran gida |
| Samuwa a Arewa | Manyan asibitoci da yawa | Wurare ƙalilan |
| Ɗorewa | Sai an ci gaba da atisaye | Sai an bar mutum ya yi da kansa |
| Babban haɗari | Ƙuna, gocewar kafaɗa, 'yan bogi | Gyambo, faɗuwa, watsi da hannu mai rauni |

Inda suka haɗu

Hannu shi ne iyakar da kowa ke cewa tasa ce. Duka biyun suna jinyarsa, kuma a inda babu mai OT, likitan fisiyo mai himma yakan ɗauki wani ɓangare na aikin. In haka ta kama ku, kada ku tsaya a "a gasa masa hannu". Ku faɗi abin da kuke so ƙarara: muna so ya riƙe kofi, muna so ta ɗaura zaninta. Buƙatar da aka faɗa da suna ita ake yi wa aiki.

Akwai kuma abin da ba na kowannensu ba ne. Wanda ke ƙwarewa in ya sha ruwa, ko maganarsa ta sarƙe, mai jinyar magana da haɗiya yake buƙata. Ƙafar roba da takalmin gyara kuma akwai masu haɗa su daban.

Wa ya dace da wanne

Mai ciwon baya, wuya ko gwiwa, da ɗan ƙwallon da ya yi targaɗe, da wanda aka cire wa filasta a ƙafa: fisiyo kai tsaye. Ba ku da buƙatar wahalar neman OT, sai fa in zaman aiki ne ke dawo da ciwon, kamar tela ko direba, a duba kujera da tsayin tebur.

Mai shanyewar ɓarin jiki da ko zama bai iya ba: ku fara da fisiyo, kuma kada ku jira. Mafi yawan farfaɗowa a wata 3 zuwa 6 na farko take faruwa, watannin da ake yawan ɓatarwa ana zagaye tsakanin masu magani. A wannan matakin a riƙa juya shi kusan duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Da zarar ya iya zama a bakin gado, lokacin OT ya yi.

Wanda ya fara tafiya amma har yanzu ana yi masa wanka da sa tufafi: wannan shi ne wanda aka fi zalunta, domin da ya taka sai a ce alhamdu lillahi ya warke, a daina zuwa ko'ina. In kuɗinku na abu ɗaya ne, ku rage zuwa fisiyo, ku riƙe atisayen a gida, ku kai shi OT ko da a wani gari ne, ko da zama biyu ko uku ne. Ku tafi da wanda ke jinyarsa kullum, da hotunan ɗaki da banɗaki da tsakar gida, da tufafin da yake sawa.

Wanda ya ƙone a hannu, ko gilashi ko inji ya yanke masa jijiyar yatsu: ku tambayi likitan tiyatar wa ya fi ƙwarewa da hannu a asibitin, ko daga wane sashe yake, kuma a fara da wuri kafin tabo ya ja fata.

Yaron da wuyansa bai tsaya ba, ko ya wuce lokacin zama da rarrafe bayan wahalar haihuwa ko shawara mai tsanani: fisiyo don zama da tsayuwa, OT don kujerar da za ta tallafe shi, cin abinci, wasa da shirin makaranta. Yaron da ke gudu lafiya amma ba ya jure hayaniya ko taɓawa, ko rubutu ya gagare shi, OT ne nasa.

Tsohuwar da ta fara faɗuwa a gida: fisiyo ya ƙarfafa ƙafa ya zaɓa mata sandar da ta dace da tsayinta, OT ya duba hasken ɗaki, tabarmar da ke naɗewa da hanyar banɗaki da dare. In mantuwa ta shigo ciki, har tana barin wuta a kunne, OT ne kan gaba.

Mai raunin laka da zai zauna a keken guragu yana buƙatar duka biyun tun daga gadon asibiti, kuma kada a sayi keken sai ɗayansu ya auna shi, domin keken da bai dace da jiki ba shi ma yana kawo gyambo.